Kaji Ashirin na Mai Fenti

Ku matso ku ji, kuma ban da surutu sai na kai ƙarshe.

A wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo guda a tsakar gida, akwai wani mai fenti. Aikinsa shafa bango da rubuta lamba a ƙofar shaguna, amma bai yarda a kira shi mai fenti ba, sai dai Injiniya. Idan mota ta lalace a bakin titi, sai ya tsaya ya goya hannu a baya yana ba makanike shawara har a kore shi. Idan likita ya rubuta wa maƙwabci magani, sai ya karɓi takardar ya girgiza kai ya ce da shi aka fara tambaya. Babu abin da bai sani ba a duniya, in ban da yin shiru.

Yana da 'ya mai shekara shida, Auta, 'yar aji ɗaya a firamare. Yarinya ce mai ladabi, duk abin da babba ya ce shi take yi. Matsalarta guda ce: tana ƙirga ɗaya zuwa goma sumul, daga nan sai ta tsaya cak ta sa yatsa a baki.

Ranar da aka ba da hutun mako biyu ta dawo da takarda daga malamarsu. Uwarta ta tsame hannu daga wanki ta karanta. Malama ta ce a riƙa zama da yarinya kullum na ɗan lokaci, a ba ta murafun kwalba ko tsakuwa tana ƙirgawa. Ranar Asabar ta ƙarshen hutu za ta zo gidan da kanta ta gwada ta. In ta kai ashirin, ta wuce aji biyu tare da ƙawayenta. In ba ta kai ba, ta maimaita aji.

Auta na jin maimaitawa ta fashe da kuka, don ta san irin waƙar da ake yi wa masu maimaita aji a filin makaranta.

Mai Fenti ya fizge takardar. "Murafun kwalba? 'Yar Injiniya guda za ta zauna tana wasa da shara? Shi ya sa yaran yanzu ba sa gane komai. Murfin kwalba yana motsi? Yana numfashi? Ilimi mai rai ake ba yaro, ba matacce ba."

"Baban Auta, ga murafun nan na tara a gwangwani. Ka bari mu yi yadda aka ce."

"Ke da Malamar duk ku zuba ido. Kwana uku na ba kaina. Ba ashirin ba, sai ta ƙirga dubu tana hamma. Da ƙafarta shugabar makaranta za ta tako nan tana roƙona in karɓi kujerarta."

Ya leƙa tsakar gida, idonsa ya faɗa kan kaji suna tono a gindin famfo. Zakaran da kaji biyar na Tsohon Soja ne, mai ɗakin bakin ƙofa. Wasu na Mai Kitso ne, sauran na Tela. Shi kuwa ko gashin kaza bai mallaka ba a gidan. Wannan bai hana shi yin murmushi ba.

Washegari da hantsi, da ya ga kowa ya kama harkarsa, ya ɗauko jan fentin bango da buroshi, ya watsa tsaba. Ya kama wannan ya rubuta mata lamba a fiffike, waccan ta kuɓuce ya bi ta ƙarƙashin benci, ya fito da yanar gizo a gemu. Sau biyu yana zamewa a kwata. Rana ta take kafin ya rubuta ashirin, ya miƙe yana haki kamar wanda ya gina bene.

Ya zaunar da Auta ya yi mata gabatarwa. "Waccan gurguwar Sha Biyar ce. Mai wuyan nan marar gashi, Uku. Zakara kuma Bakwai. Yanzu zan kira su ɗaya bayan ɗaya, ke kuma ki faɗi lambar duk wadda ta iso."

Ya watsa tsaba, ya ɗaga sanda. "Ɗaya!"

Ɗaya wata 'yar ƙaramar kaza ce ta Tela mai fama da mura, tana can bayan randa tana gyangyaɗi. Zakara ne ya taho a guje, manyan kaji na biye, masu ƙarfi gaba, raunana baya, yadda kaji suka saba tun da aka halicce su.

Auta ta yi abin da aka ce. "Bakwai. Sha biyu. Uku. Ashirin. Biyar."

"Kin ji?" Ya juya wajen matarsa. "Jiya ba ta wuce goma, yau ta ambaci ashirin tun kafin ta kai biyar. Wace malama ce ta taɓa yin wannan?"

Ihun Mai Kitso ne ya fara tashi da yamma. Ta ga kajinta jajur ta ɗauka muzuru ne ya shigo, ta fito da muciya a hannu. Kafin a gama yi mata bayani, Tela ya fito riƙe da farin yadi. Wata kaza ta shiga ɗakinsa fentinta bai bushe ba, ta kwanta a kan ɗinkin mutane.

"Mai Fenti, dubi nan! Yanzu bawan Allah zai fita da sha huɗu a gadon baya?"

"Injiniya dai. Ka ce masa sabon yayi ne. Wata ɗaya ka ga kowa na nema."

Tsohon Soja ya dogaro sandarsa ya daɗe yana kallon zakaransa. Shi fentin bai dame shi ba.

"Kai, yaro. Zakarana ne bakwai?"

"Haka tsarin ya nuna, Baba."

"Wane ne ɗaya?"

Aka nuna masa mai murar.

"Wannan abar? Zakaran da yake tashin unguwa guda, shida suna gabansa, har da mai atishawa? Shekara talatin na yi ina fareti ban taɓa ganin wannan cin mutunci ba!"

Mai Fenti ya lallashe su da baki, abin da ya fi iyawa. Ya ce 'yan jarida za su zo, za a ɗauki hoton kajin tare da masu su. Mutane kuwa da sun ji hoto hankalinsu ya tafi. Mai Kitso har ta tambaya wace rana ce, don ta gyara kanta.

Kwana uku suka cika. Kullum kaji da jerinsu suke zuwa, kullum Auta na faɗa, har abin ya zauna mata daram. Uwar ta kira ta ɗaki ta zube murafun kwalba a tabarma.

"Ƙirga mini, 'yar albarka."

"Bakwai, sha biyu, uku, ashirin, biyar, sha takwas..."

"Daga ɗaya za ki fara."

"Ɗaya a ƙarshe take zuwa, Mama. Ba ta da lafiya."

Uwar ta ɗora hannu a ka ta fito. "Baban Auta, goman da yarinyar nan take da ita ma ka watsar! Wallahi in ta maimaita aji, kai za ka riƙa raka ta makaranta kana jin waƙar da kunnenka."

"Laifin kaji ne, ba su da tarbiyya. Gobe zan gyara musu zama."

Gyaran da ya yi shi ne ya kwance igiyar shanya, ya ɗaure kowace kaza da ƙafa a jikinta, bi da bi yadda lambobin suke. Ya miƙe layin daga bakin famfo zuwa ƙofar banɗaki, ya ja da baya yana sha'awar aikinsa. Mai Kitso na gefe tana yi wa wata mata kitso, an kai rabi. Tsohon Soja na kan kujerarsa yana jin rediyo.

"Auta, ga lissafi ya miƙe. Fara!"

Auta ta buɗe baki ke nan sai inuwar shaho ta gifta.

Kowace kaza ta nufi inda take ɓuya. Na Tela suka ja gabas, na Mai Kitso suka ja yamma, zakara ya tashi sama da igiya. Igiyar ta share kujerar mai kitso, matar da ake yi wa ta mirgina da rabin kai a tsefe, ta miƙe ta fita titi a haka tana salati. Bahon wanki ya kife. Ragowar igiyar ta naɗe ƙafafun Tsohon Soja da na kujerarsa wuri guda, ya zama shi da kujera da kaji huɗu abu ɗaya ne, rediyo na ta magana a cikin kwata.

"A kwance ni! A kwance ni in karya yaron nan!"

Mai Fenti ya tsaya daga nesa. "Baba, kada ka motsa, Sha Shida ce a cinyarka, ƙwai gare ta."

Da ƙyar aka yi sulhu, kuma da sharaɗi. Sai an mayar da zakara ɗaya. Mai Fenti ya goge bakwai ya rubuta ɗaya, ya kamo mai mura ya ba ta bakwai.

Auta ta yi tsuru tana kallo. "Baba, Bakwai ya zama Ɗaya?"

"Ƙarin girma aka yi masa."

"In ya ƙara ƙoƙari me zai zama?"

"Ki bar tambaya, ki riƙe abin da aka koya miki."

Ana haka surukar Mai Kitso ta zo baƙunta. Mai Kitso ta kama kaza mafi ƙiba ta sa aka yanka, ba ta nemi izinin kowa ba, don tata ce. Da Auta ta fito darasi ta duba ta sake dubawa, sai ta hango fiffike mai jar lambar tara a kwandon shara. Ta yi kuka har ta shiɗe. Daga ranar, in ta iso wurin sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Tara, Allah ya jiƙanta."

Mai Fenti ya je ya tsaya a ƙofar Mai Kitso. "Kin cinye mini tara!"

"Na cinye. Da daɗi kuwa. In ka ƙara magana gobe in ci sha uku."

Ya bi layi ya aro agwagwa a wani gida ya rubuta mata tara. Agwagwa kuwa ba ta da wurin zama sai gindin famfo. Kafin azahar lambar ta wanke tas. Ya sake rubutawa, ta sake komawa. Sau huɗu a wuni yana bin ta da buroshi, tana tafe tana kaɗa gindi, yaran layi na binsu a baya suna tafi.

Uwar ta yi ta ƙoƙarinta a ɓoye da murafun kwalba, amma Auta sai ta ɗaga murfi ta juya shi ta ce, "Wannan na wane ne? Ai ba a rubuta masa suna ba." Ranar Juma'a uwar ta zauna ta yi tagumi. Maigidan kuwa yana waje yana rubuta MAKARANTAR INJINIYA a bangon da ba nasa ba.

Ranar Asabar ya gayyato layin gaba ɗaya. Ya aro benci uku, ya sa kwat ɗin da ya saya a gwanjo, wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Mai wanki ya zo, mai shago ya rufe shagonsa ya zo, matar nan mai rabin kitso ma ta dawo don ta ga ƙarshensa. Tela ya goge kajinsa da tsumma saboda hoto.

Malama ta iso da laima da littafi. 'Yar siririyar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Ta dubi jama'a, ta dubi kaji, ta dubi bango, ta zauna.

Mai Fenti ya yi gyaran murya. "Jama'a, yau za ku ga abin da ba a koyarwa a jami'a. Malama, ki buɗe littafinki ki riƙa rubutawa, ban hana ki ɗauka ba, sai dai ki faɗi wanda ya ƙirƙiro."

Ya watsa tsaba. Kaji suka taho. Auta ta miƙe ta harɗe hannu a ƙirji ta ɗaga murya.

"Ɗaya, wanda dā Bakwai ne. Sha biyu. Uku. Ashirin. Biyar. Sha takwas. Tara ta farko Allah ya jiƙanta, ta biyu ta je wanka..."

Wani ya tuntsire a bencin baya. Malama ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Auta, zo nan. Me yake zuwa bayan huɗu?"

"Wace Huɗun, Malama? Mai tafiya ko mai dawowa?"

"Huɗu nawa ce?"

"Guda ce. In tana tafiya famfo Huɗu ce. In tana dawowa Sha Bakwai ce."

Ta nuna wata wake-waken kaza. Kowa ya zuba mata ido. Kazar ta taka a hankali ta nufi famfo, ga huɗu ɓaro-ɓaro a fiffiken hagu. Ta sha ruwa, ta ɗaga kai sama, ta juyo. Ga sha bakwai a na dama.

Gidan ya ɗauki ihu. Mai shago ya faɗo daga benci. Tela ya riƙe ciki yana cewa, "Tawa ce! Ashe kaji biyu gare ni ban sani ba!"

Gumi ya karyo wa Mai Fenti a cikin kwat. Ya tuna ranar farko, da wadda ta kuɓuce ta shige ƙarƙashin benci ya sake kamowa. Amma bakinsa bai mutu ba. "Da gangan ne! Wannan babban lissafi ne, sai an yi nisa ake gane shi. Ragi ke nan da ƙari a jikin kaza guda!"

Malama ta miƙe tana nuna kajin ɗaya bayan ɗaya da bakin laima, leɓenta na motsi. Ta gama ta dube shi ta saman tabarau.

"Sha tara ne, har da agwagwa. Kai da za ka koya wa yarinya ashirin, mako biyu ba ka ƙirga su ba?"

Ya buɗe baki ya rufe. A karon farko tun da ya shigo gidan nan aka ji ɗigar famfo yana tsaye a wurin.

Malama ta buɗe littafi ta zare biro. Auta ta gane abin da za a rubuta, ta ruga ta rungume ƙafar uwarta tana kuka. Uwar ta durƙusa. "Malama, don girman Allah. Yarinyar nan da gomanta lafiya lau kafin a sa mata kaji a ka."

Malama ta ajiye biron. "A kawo baho da sabulu."

Aka kawo.

"Wanda ya rubuta shi zai goge."

"Malama, ni Injiniya..."

Tsohon Soja ya buga sanda a ƙasa. "Tsuguna!"

Ya tsuguna, da kwat ɗinsa. Mai Kitso ta miƙa masa kaza ta farko ya hau cuɗa. Kaza ba ta son wanka, wannan ko yaro ya sani. Ta watsa masa kumfa a ido, ta yakushe shi, ya wanke lambar ya sake ta.

"Auta, share hawayenki," in ji Malama. "Yanzu ba ta da suna, kaza ce kawai. Duk wadda Baba ya saki, ki ƙirga yadda kika saba a aji."

Auta ta ja majina. "Ɗaya."

Ya saki wata. "Biyu."

Kaji na kuka, Mai Fenti na tsaki. Uku, huɗu, biyar. Da ta zo tara ta ɗan dubi Mai Kitso, ta haɗiye, ta wuce. Goma. Ya saki ta gaba, yatsa ya tafi baki.

Uwar ta runtse ido.

Malama ta sunkuyo ta cire yatsan a hankali. "Goma ta zauna, ki bar ta. Koma ɗaya ki sake hawowa, sai dai ki fara cewa sha."

"Sha... ɗaya?"

"Ci gaba."

"Sha biyu. Sha uku!"

Ai kuwa hanya ta buɗe. Yarinya har tana tsalle tana cewa Baba ya yi sauri. Agwagwa ce sha takwas, ita kaɗai ta ji daɗin wankan, sai da aka ciro ta da ƙarfi. Zakara aka bari ƙarshe. Ya yi ta marin Mai Fenti da fiffike dama da hagu, ya haye kansa ya taka, ya kife bahon a jikinsa, sannan ya dira ya yi cara.

"Sha tara!"

Mata suka fara guɗa. Malama ba ta motsa biro ba.

"Ashirin na rubuta a takarda."

Guɗa ta tsaya. Aka duba bayan randa, aka duba ƙarƙashin benci, babu sauran abu mai fiffike a gidan. Mai shago ya yunƙura zai yi raɗa, Malama ta harare shi ya koma ya zauna. Auta ta juya dama ta juya hagu.

Sai idonta ya sauka kan ubanta. Yana tsugune a cikin ruwan sabulu, gashin kaji ya manne masa daga gemu har kafaɗa, jan fenti ya taru a tsakar kansa ya yi tsini kamar zanko, hannuwa biyu a maƙale a haƙarƙari don sanyi.

Ta ɗaga yatsa ta nuna shi.

"Ashirin."

Malama ta dube shi sama da ƙasa, ta daɗe tana dubawa.

"Ya shiga," ta ce, ta rubuta. "Litinin ki zo aji biyu."

Uwar ta sure 'yarta tana juyi da ita. Benci biyu suka kife don dariya. Mai Fenti ya yunƙura ya miƙe, ruwa na zuba daga aljihun kwat, ya ɗaga hannu.

"To kun gani! Ba don ni ba, da lissafin bai cika ba!"

Tsohon Soja ya sa hannu a kwano ya ɗebo tsaba, ya watsa masa a gaban ƙafa.

"Ci abinka, Ashirin. Ka yi aiki."

Sunan da ya bi shi ke nan har yau, a gida da wurin aiki. Iyakar abin da ya faru ke nan. Kowa ya tashi ya kama abin da yake yi.